'Yata ta gama SS2: a fara shirin JAMB a wannan dogon hutun ko a bari sai an sayi fom?

Maman Ummi

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da damina. Dan Allah shawara nake nema wurin malamai da iyayen da suka riga mu shiga wannan harkar. 'Yata ta fari ta gama SS2 satin da ya wuce, watan Satumba in Allah ya kai mu za ta shiga SS3, kuma tun tana JSS bakinta likita likita, bata taɓa canjawa ba. To tun ranar da aka ba su hutu muke ta ja-in-ja da babanta. Shi yace a bar yarinya ta huta, JAMB sai watan Afrilu, wata tara kenan, wai in aka fara yanzu kafin lokacin ta manta komai, gara a bari sai an sayi fom a Janairu sannan a sa ta lesin mai zafi na wata uku kamar yadda aka yi wa 'ya'yan yayansa. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya saboda na ga yadda sakamakon JAMB na bana, 2025, ya fito, yaran layinmu nan Unguwar Dosa masu ƙoƙari a aji wallahi, wannan 160 wancan 170, wata da kullum ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu 190 ta samu, kwana biyu uwarta na lallashinta kafin ta ci abinci.

Ga masu lesin kuma sun cika mana bango da fosta, duk lungun da ka shiga lesin hutu lesin hutu. Wanda na tambaya kusa da mu kuɗin da ya faɗa min na sati shida ya kusa kuɗin makarantarta na zango guda, ban da kuɗin napep zuwa da dawowa, ga shi da safe tana zuwa hadda kuma bana so ta bari, izu 41 ta kai.

Abin da nake son sani, yaushe ne ainihin lokacin da ya kamata yaro ya fara? Kuma dole sai lesin ko za ta iya a gida? Sannan tsakanin WAEC da JAMB wanne ake fara sawa a gaba, ni duk sun cakuɗe min. Ni a NCE na tsaya kuma zamaninmu da fensir muka yi jarabawa, wannan ta kwamfutar ban san kanta ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Kemistiri, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana su, ya cika mata burinta. Shekarata 14 ina koyar da 'yan SS, bari in faɗa miki abin da nake gani da idona duk shekara.

Wata taran da Alhaji yake lissafawa a kan kalanda kawai suke tara. Ki ɗauko kalandar mu ƙirga tare. Satumba zuwa Disamba zangon farko na SS3 ne, mu malamai gudu muke yi mu ƙarasa manhaja, kullum sabon darasi kullum aikin gida, ga hidimar rijistar WAEC da NECO. Janairu zuwa Maris ake sayar da fom ɗin JAMB, a daidai lokacin kuma makarantu suke yin mok ɗinsu, wato jarabawar gwaji. Azumin 2026 wajen tsakiyar Fabrairu zai kama, ƙaramar sallah wajen 20 ga Maris, kuma kin fi ni sanin abin da ke kan babbar 'ya mace a gida a watan azumi, daga makaranta sai kicin, da dare tarawi, kafin asuba an tashe ta sahur, ina ta ga ƙarfin zama da littafin Fiziks. Ana gama shagalin sallah abin da ya rage bai wuce sati huɗu zuwa biyar ba in aka bi irin tsarin 2025, don a 2025 ranar 24 ga Afrilu aka fara JAMB. WAEC a wannan tsakanin take farawa har cikin Yuni, tana ƙarewa NECO ta karɓa zuwa Yuli. To ki nuna min a cikin wannan jerin inda yarinya za ta samu sati shida nata na kanta, ba malami a kanta ba jarabawa a gabanta. Babu shi sai wannan hutun da muke ciki.

Amma fa ki fahimce ni, ba cewa nake a tara mata tsoffin tambayoyin JAMB tun yanzu tayi ta haddacewa ba. Nan mutane da yawa suke kuskure. JAMB daga SS1 har SS3 take ɗebo tambaya, shekara biyu cikin ukun nan ta riga ta yi su, kuma na rantse miki in kika ɗauko littafin rubutunta na SS1 kika tambaye ta lissafin mol ko dokar Boyle da ta Charles za ki ga ta yi shiru tana tunani, ba don bata da ƙwaƙwalwa ba, an wuce wurin ne ba a sake komawa ba. Kuma idan ta shiga SS3 babu malamin da zai koma mata, ni kaina bana iya komawa, lokaci bai isa. Aikin wannan hutun kenan: toshe ramukan SS1 da SS2. Abin da aka gane ba ya ɓacewa a wata tara, wanda aka haddace ba a gane ba shi ne ko sati uku ba ya kaiwa.

Ga yadda nake sa ɗalibaina. A shiga shafin JAMB, akwai wani ɓangare da ake kira IBASS, nan manhajar kowane darasi take kyauta, har da darussan da kowane kwas yake buƙata. Tunda likitanci take so, huɗunta su ne Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A je shagon kwamfuta a buga mata manhajar huɗun nan a takarda. Ta zauna da biro ta bi su layi layi, wanda ta sani sosai ta yi masa maki, wanda aka koyar amma ya shige mata duhu ta zagaye shi, wanda ba a kai ba tukuna ta bar shi, na SS3 ne zai zo da kansa. Waɗanda ta zagaye su ne abincinta na sati shida. In ta gama karanta babi guda sai ta nemo tsoffin tambayoyin da suka fito daga wannan babin kaɗai ta gwada kanta, ba ta ɗauki shekara guda sukutum ta bi ba.

Lokaci kuma awa uku a rana ya isa, kwana biyar a sati. Darasi biyu a rana, mai lissafi ɗaya mai karatu ɗaya, misali Fiziks da Bayoloji yau, gobe Kemistiri da Turanci. Haddarta kar a taɓa ta dan Allah, ta je da safe ta dawo ta ci abinci ta ɗan kwanta, bayan azahar ta yi awa ɗaya da rabi, bayan la'asar ta ƙarasa. Na lura yaran hadda sun fi saura iya zama wuri ɗaya, wannan kansa jari ne.

Maganar WAEC da JAMB, gona ɗaya ce Hajiya, girbin ne ya bambanta. WAEC tana so ki rubuta bayani da hannunki ki yi firaktikal, JAMB zaɓi ne tsakanin A zuwa D amma da gudu. Wanda ya gane darasin ya shirya wa duka biyun. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, kar ta ce tunda babu Lissafi a JAMB ɗinta ta ajiye shi. Sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ake shiga kwas ɗin sayans a jami'a, kuma likitanci jami'o'i da dama a zama ɗaya suke son su. Fiziks ɗin ma rabinsa lissafi ne.

Abin da kika gani a unguwarku ba ku kaɗai ba ne. Cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna a 2025, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba cikin 400 a sakamakon farko da aka fitar. Kuma 150 ɗin da aka sanar a 2025 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a kar ya ruɗe ku, wannan ƙofar waje ce kawai, likitanci a ABU ko KASU ko BUK masu nema sun ninka guraben sau da yawa, ni yarana masu son wannan kwas ɗin 280 nake ce musu su sa a ransu.

Ɗan Rigasa

Mama ina wuni. Allah ya gafarta Malam, duk abin da ya faɗa haka yake, ni sheda ne don sau biyu na zana JAMB, yanzu ina aji biyu a Zariya ina karanta injiniyanci. Akwai abu ɗaya da nake so in ƙara wanda shi ya kayar da ni karon farko, kuma ba rashin karatu bane.

Ni a gidanmu babu kwamfuta, a makarantarmu ma ɗakin kwamfutar kullum a kulle yake, ranar jarabawa ita ce rana ta biyu a rayuwata da na zauna gaban kwamfuta. Tambaya 180 ce a awa biyu, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, in kika raba kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Ni ban taɓa yin wannan lissafin ba sai bayan na fito. Na fara da Lissafi saboda shi nafi so, na maƙale a wata tambaya ɗaya na ƙi barinta, ina ta fama da kalkuletar da ke kan allon ban saba da ita ba, ina ɗaga kai na ga agogo ya ci minti 50 ban gama darasi ɗaya ba. Daga nan jikina ya fara rawa. Kemistiri ko rabi ban duba ba lokaci ya ƙare. 187 na samu. Wallahi Mama tambayoyin da na bari na san amsar da yawansu. Kuma sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, haka na zauna shekara guda ina taya yayana jiran shago a Kasuwar Barci abokaina suna makaranta, abin har yanzu in na tuna yana min ciwo.

Karo na biyu abin da na canja kaɗan ne. Duk Asabar ina zuwa wani shagon kwamfuta a bakin titinmu in biya kuɗin awa biyu in yi gwaji da agogo kamar ranar gaske. Na koyi cewa ba sai da linzami ba ma, da kibod ake yi, A B C D na amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S kuma na miƙawa ne kar hannu ya je wurin sai an gama. Na koyi tsallake duk tambayar da ta wuce minti ɗaya in dawo mata daga baya, kuma ba a rage maki don ka faɗi tambaya, saboda haka ba a barin ko ɗaya babu amsa. Na samu 261.

Shawarata ga ƙanwata, a cikin hutun nan ko sau ɗaya a sati ta taɓa kwamfuta ta gaske, ba waya ba, waya daban take. Ba sai ta yi cikakken gwaji yanzu ba tunda bata gama manhaja ba, hannunta dai ya saba. Naji ma a 2025 gwamnati ta sanar tana so WAEC da NECO su koma kwamfuta daga 2026, kinga riba biyu kenan. Kuma lokacin rijista ku biya har da mok ɗin JAMB, a 2025 naira 7,200 aka biya ba mok, 8,700 da mok, wannan bambancin bai kai asarar shekara ba.

Sai Turanci. Mu 'yan sayans muna raina shi alhali shi ma maki 100 ne kamar Fiziks, kuma shi ne ba a iya koya a wata uku. Akwai ɓangaren furuci da suke tambaya, wace kalma ce sautinta ya yi daidai da wace, a wane gaɓa ake danna murya, mu da muka tashi da Hausa P da F ma rikice mana suke yi, a nan muke zubar da maki ba mu sani ba. Ta riƙa karanta shafi biyu uku na jarida ko littafin Turanci kullum, kalmar da bata sani ba ta rubuta a ƙaramin littafi, in da ƙamus na waya mai furta kalma ta riƙa saurara. Littafin labarin da suke tambaya a kai kuma kar ku saya yanzu, wurin rijista ake bayarwa.

Ƙarshe Mama, duk wanda ya ce miki yana da hanyar samo amsa ko zai ɗaga maki bayan an fito, ɓarawo ne. Abokina an karɓe masa kuɗin da mahaifiyarsa ta tara na adashi, makin ko ɗaya bai motsa ba.

Baban Abba

Salam. Ni kam ina bayan Alhaji a rabin maganar, ku yi min haƙuri. Na yi wannan kuskuren da babban ɗana, ana ba da hutu na kai shi lesin tun takwas na safe har huɗu na yamma, Litinin zuwa Asabar, aka koma makaranta ya ci gaba da na yamma, kafin watan Fabrairu yaron nan ya rame ya daina magana a gida, in ya ga littafi kamar ya ga maƙiyi, daidai lokacin da ya kamata ya ƙara wuta lokacin ƙarfinsa ya mutu murus. Ya ci dai amma ba abin da muka sa rai ba, kuma ni na san ni na gajiyar da shi. Yaro ba inji bane. Mu da muna yara hutun damina ƙauye ake kai mu wajen kakanni mu yi noma mu ci sabuwar masara, mu dawo da ƙarfinmu. Na biyun da yake SS2 yanzu sati biyu zai yi a Soba wajen kakarsa babu littafi ko ɗaya, in ya dawo sai mu yi maganar karatu. Awa ukun da Malam ya faɗa ban ƙi ba, wannan da hankali a ciki. Amma Hajiya ki ba ta ko kwana goma ta sha iska tukuna, ta je gidan 'yan uwa, kuma kar ki riƙa ambata mata 280 safe da yamma, yarinyar da take son abu tun JSS ta riga ta ɗora wa kanta kaya, ba sai an ƙara mata ba.

Anti Hajjo, Malali

Maman Ummi sannu da ƙoƙari 'yar uwa. Su Malam sun yi maganar karatu, ni ta takardu zan miki don ita ta kusa sa 'yata ta rasa shekara. Tun 2021 ba a rijistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kan NIN da ranar haihuwa su JAMB take ɗauka kai tsaye, ba a gyarawa a wurin rijista. Tawa lokacin da aka yi mata NIN a wani shago yaron da ya shigar ya juya sunan, ya sa na kakanta a matsayin nata, shekarar haihuwa ma ya rage ɗaya, mu kuma ba mu duba ba muka ajiye takardar a durowa. Sai da aka fara sayar da fom muka gani, makaranta ta riga ta tura sunanta na WAEC yadda yake daidai, kinga biyu sun saɓa kenan. Sati biyar ina zirga-zirgar gyara, a lokacin kowa ma ya taso layi har titi, saura kwana huɗu a rufe muka samu ta yi rijista. Da a watan Agusta na duba da cikin kwanciyar hankali zan yi.

Don haka gobe goben nan ki ɗauko takardar NIN ɗinta da takardar haihuwa da sunan da makaranta take rubuta mata ki jera su ki duba harafi harafi, Aisha da A'ishatu ba ɗaya bane a wurin kwamfuta. Sannan layin waya. Da layi ake tura NIN zuwa 55019 ko 66019 a samo lambar da ake sayen fom da ita, kuma wannan layin shi za a yi ta amfani da shi har duba sakamako, kar ki yarda a yi da layin mai shago ko wanda wani ya taɓa yin JAMB da shi, ki tanadi guda ki adana shi kamar zinari, ki riƙa sa masa kati kar a rufe. Imel ma a buɗe mata nata ki rubuta kalmar sirrin a wuri mai kyau.

Ki duba shekarunta kuma, yanzu sai mai 16 ake ba gurbin jami'a. In an haife ta 2009 ko farkon 2010 ba ki da damuwa.

Abu na ƙarshe wanda mutane ke mantawa, za ta yi rijistar JAMB tana jiran sakamakon WAEC, to in ya fito wajen Agusta dole a koma santar rijistar JAMB a ɗora shi a shafinta na JAMB, in ba haka ba ko 300 ta ci sunanta ba zai fita a CAPS ba, wato tsarin da JAMB take ba da gurbin karatu ta cikinsa. Wannan na baɗi ne amma ki rubuta shi tun yanzu.

Yaya Babba, Barnawa

Ku ba ni dama in ɗan karkata kaɗan, don akwai wadda ta min magana ta akwatin sirri kan SAT bayan ta ga wannan zancen, nace gara in amsa a nan kowa ya amfana. Ƙanina ya zana ta bara, ni na bi masa komai.

SAT ta masu neman jami'o'in Amurka ce, hukumar College Board ke shirya ta, ba ruwanta da shiga jami'a a Najeriya. Tun 2023 a wajen Amurka ta koma kan kwamfuta ta wata manhaja mai suna Bluebook. Awa biyu da minti 14 ce, tambaya 98, Turanci 54 Lissafi 44, maki daga 400 zuwa 1600. Kowane ɓangare kashi biyu ne, yadda ka yi a kashin farko shi ke sa na biyun ya yi tsauri ko sauƙi. Ba kamar JAMB ba ana yin ta sau da yawa a shekara, Agusta, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Maris, Mayu, Yuni, a 2025 har da Satumba, kuma za ka iya maimaitawa.

Inda lokaci ya shigo shi ne su can ana rufe neman gurbi na wuri wajen 1 ga Nuwamba, na gama-gari wajen farkon Janairu, wato yaro yana zangon farko na SS3 ake cike komai, bai ma zana WAEC ba. Saboda haka wanda ya gama SS2 yanzu yake da wannan niyyar hutun nan ne lokacin shirinsa, ya zana a Oktoba, in bai gamsu ba ya sake a Disamba. Wanda ya bari sai ya gama NECO ya ƙara shekara kenan. Kuɗin ya haura dala 100, ana bukatar fasfo, kuma a duba inda santa take tun wuri don guraben suna cika. Wasu jami'o'in ba sa tilasta ta, amma manya irin MIT da Harvard da Yale sun dawo da neman sakamakon irin wannan jarabawar. Kayan gwaji kyauta ne a Khan Academy da cikin Bluebook ɗin, kuma EducationUSA da ke Abuja suna ba da shawara.

Amma Maman Ummi ke kam ban ba ki shawarar ki raba mata hankali ba. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare, sai an yi digirin farko na shekara huɗu tukuna. Ta tsaya kan JAMB ɗinta. Wanda ma zai yi SAT ɗin ina ce masa ya yi JAMB, ƙanina duka biyun ya yi, tallafin da ya samu can bai isa ba, yanzu yana KASU.

Malamin Kemistiri, Tudun Wada

Baban Abba maganarka gaskiya ce kuma na karɓa, takwas zuwa huɗu zalunci ne, ko ni babba ba zan iya ba. Sati ɗaya zuwa kwana goma na hutu ba zai ɓata komai ba, amma a sa masa ranar ƙarewa, don na sha ganin kwana goma ya zama sai an koma makaranta.

Hajiya na manta ban amsa miki ta lesin ba. Irin lesin da ake tara yara 70 a aji ɗaya malami yana karanto amsa suna rubutawa, kuɗinki kawai za ki zubar. In ta zagaye abubuwan da suka shige mata duhu za ki ga yawanci a darasi ɗaya ko biyu suka taru, galibi Fiziks. To wannan kaɗai za ki nema mata mai koyarwa, sau biyu a sati ya wadatar, ko ɗalibar jami'a a unguwa da take gida, ko malaminsu na makaranta in da hali, ki haɗa ta da ƙawaye biyu ku raba kuɗin. Lesin mai zafin da Alhaji yake magana yana da ranarsa, daga Janairu, lokacin an kusa gama manhaja, a nan ne ake bin tsoffin tambayoyi shekara shekara da agogo. Kinga ke da shi duk kuna da gaskiya, naki ne dai ya kamata ya riga nasa.

Maman Ummi

Kai jama'a Allah ya biya ku, wallahi har na ji ƙwalla da na karanta na ɗana Ɗan Rigasa, Allah ya yi maka albarka ya sa ka gama lafiya. Jiya da dare na karanta wa Alhaji duka, da aka zo wurin ƙirgen watannin Malam da azumi shiru ya yi, sai yace to a yi hakan amma sai ta je Zariya wajen gwaggonta ta yi sati ɗaya tukuna, nace na yarda, Baban Abba ka samu ɗan uwa. Ran Litinin ta sama za ta fara, yau da safe ƙaninta ya je ya bugo manhajar, shafukan da yawa ashe, tana zaune tana ta zagaye zagaye da jan biro, Fiziks ɗin kam ya sha ja kamar yadda Malam ya faɗa.

Anti Hajjo kin cece ni. Na ɗauko takardun na jera, ranar haihuwa daidai take, watan Nuwamba 2009, amma a NIN an rubuta sunan babanta da harafi biyu a tsakiya, a makaranta kuma da ɗaya. Dan Allah wanne ake gyarawa a ciki, na NIN ɗin ko in je makaranta su canja nasu tunda ba su tura na WAEC ba tukuna? Kuma Malam, akwai wata 'yar maƙociyarmu da take aji uku a fannin harhaɗa magunguna tana gida yanzu, kana ganin za ta iya riƙe mata Fiziks ɗin ko in nemi wanda ya karanci Fiziks ɗin kansa?